Yadda Arzika Tela Ya Ciyar da Inno Shatu

A shekarar 2019 ne Arzika Tela ya gano cewa ba don taka keken ɗinki aka halicce shi ba. A azumin wannan shekara wasu matasan Boɗinga suka kafa Ƙungiyar Matasa Masu Jinƙai, da niyyar su riƙa dafa abincin buɗa-baki suna raba wa mabukata. Tun a zaman farko, kafin a san inda za a aro tukunya, an riga an san wanda zai shugabanci tafiyar, domin Arzika ya iso wurin taron da ƙunshin falmaran masu launin kore waɗanda ya ɗinka da hannunsa. A bayan kowace an rubuta sunan ƙungiya. A bayan tasa kuwa an ƙara kalmar Shugaba, da manyan haruffan da ko mai raunin gani zai karanta daga bakin tasha. Babu wanda ya ga amfanin yin zaɓe bayan an riga an gama ɗinki.

Duk wanda ya san sana'ar tela ya san cewa watan azumi shi ne kakarsa. A cikinsa ake kai masa shadda da atamfa har su fi ƙarfin shago, a cikinsa kuma yake samun abin da zai riƙe gidansa har damina ta wuce. Arzika ya karɓi ɗinkin mutane kamar kullum, ya auna, ya yi alkawari, sa'an nan ya ja ƙofa ya tafi yi wa al'umma hidima. A Sallar wannan shekara magidanta da dama sun je Idi da rigar bara, kuma da suka zo ƙorafi ya bayyana musu cikin natsuwa cewa akwai masu kwana da yunwa a garin nan, bai kamata mutum ya ɗaga murya a kan riga ba. Suka koma gida da yadinsu a hammata, suna jin kamar su ne suka yi laifi.

Arzika ba haifaffen Boɗinga ba ne. A Horo Birni aka haife shi, a ƙasar Shagari, kuma mahaifiyarsa ta rasu tun bai fara rarrafe ba. Ƙanwarta Shatu, wadda kowa ke kira Inno, ita ta ɗauke shi, ta shayar da shi tare da 'yarta Ummukulthum, ɗaya a baya ɗaya a cinya. Mijin Inno, Malam Sha'aibu, manomin gero ne da damina, mai albasa da rani, kuma shi ya kai Arzika Boɗinga koyon ɗinki, ya sayar da ragonsa ya saya masa keke. Da Malam Sha'aibu ya rasu aka raba 'yar gonar, abin da ya zo hannun Inno bai isa ya cika rumbu ba, ba ta kuma da ɗa namijin da zai nome mata shi, in ban da wanda ke Boɗinga. Ummukulthum ta yi aure a garin Shagari. Inno ta zauna a gidan mijinta ita kaɗai, da awakinta da zabbinta, ta ce daga nan sai kabari.

Hannun Arzika a ɗinki ba abin rainawa ba ne, kuma da ya zauna a kan kekensa da yanzu ana zuwa nemansa daga Sakkwato. Sai dai tun yana saurayi ba ya iya ganin taro bai nemi gabansa ba. A wurin ɗaurin aure shi ke maimaita maganar liman da ƙarfi, alhali ba a ɗauke shi sanƙira ba. A jana'iza yakan kama makara daidai lokacin da za a ratsa kasuwa, ya sake ta da zarar an fita gari. Ya taɓa shiga matasan wata jam'iyya, ya samu hula, ya fice da ya ga ba a ba shi damar jawabi. Duk waɗannan suna da aibi ɗaya, wato mutane suna iya yi masa dariya a fili. Aikin jinƙai ne kaɗai ya ba shi gaban taro tare da kariya, domin duk wanda ya yi wa mai ciyar da mayunwata dariya, shi za a kalla.

A unguwar Inno babu wanda ya taɓa furta cewa tana cikin rashi, kuma ba don ba a sani ba ne. Mutanen wurin suna da yadda suke yi. Kafin magariba kwano zai fito daga gidan maƙwabcinta Malam Bawa, a rufe da faifai, da tuwo da miya a ciki; gobe ya fito daga wani gida. Inno za ta juye, ta wanke kwanon, ta saka wani abu a ciki kafin ta mayar: curin daddawar batso da take yi da irin yakuwa, ko busasshiyar kuɓewa, ko ƙwan zabo in lokacinsa ne. Kwano ba ya komawa wofi. Saboda haka babu mai bayarwa, babu mai karɓa. Maƙwabta ne kawai ke musayar abin da ke hannunsu. Maimuna, matar Malam Bawa, har faɗa take yi ta kan katanga in daddawa ta yi jinkiri, tana cewa Inno na neman ta sa maigida ya raina mata miya. Kowa ya san kwanon tuwo ya fi curin daddawa, kowa kuma ya san ba a faɗa. Da wannan Inno ta yi shekaru tana cin abinci da mutuncinta, tana shiga biki da suna kanta a ɗage. Arzika ya san tsarin sarai, domin ya tashi yana ganin Inno tana aika wa wasu irin wannan kwano, a zamanin da rumbun Malam Sha'aibu ke cike.

A ƙungiyar Boɗinga aiki bai taɓa yin kaɗan ba. Akwai faskaren itace, akwai ɗebo ruwa, akwai wanke manyan tukwanen da shinkafa ta kama, akwai kai kunu asibiti ga masu jinya, sa'an nan in Sallah ta matso akwai sharar filin Idi da cire ƙaya. Gaskiya ita ce wasu daga cikin matasan sun yi waɗannan ayyuka da zuciya ɗaya, da bakin azumi, cikin zafin bazara, ba su nemi a san sunansu ba. Arzika kuwa ya duba ayyukan duka ya zaɓi biyu waɗanda ya ga sun dace da shugaba: riƙe lasifika da riƙe ludayi. Ludayin ma ba ya daɗewa a hannunsa. Yakan nutsa shi a tukunya, ya ɗaga, ya karkata kai cikin tausayi, ya jira Bilyaminu, magatakardan ƙungiya, ya ɗauki hoto, daga nan ya miƙa wa na kusa da shi ya tafi duba yadda hoton ya fito. Matan da ke tsaye a bakin murhu tun azahar ba su taɓa fitowa a hoto ba, sai dai hayaƙinsu.

Shi ne kuma ya hana mutane zuwa da kwanonin gidajensu. Ya ce kwanoni iri-iri, wani a lotse wani da tsatsa, suna ɓata tsari. Ya sa aka riƙa sayo fararen robobi daga Sakkwato, irin waɗanda ake ci a yar, aka manna wa kowace tambarin ƙungiya. Ya kira wannan ci gaba, kuma da yake shi ke riƙe da lasifika, babu wanda aka ji yana musu.

Yawancin shinkafar da ake dafawa daga hannun Alhaji Ladan take fitowa, wani dillalin albasa ɗan asalin yankin da ke zaune a Sakkwato. Mutum ne mai kyauta, sai dai yana son ya ga inda kyautar ta sauka. A azumin 2022 ya kira Arzika gidansa, ya shaida masa cewa yana so aikin ya haɗa har da ƙasar Shagari, kuma mutum ɗaya zai ɗora a kan duka biyun. Akwai wani malamin asibiti a Shagari da ake ambata cewa shi ma zai iya samun wannan muƙami. Ya kuma ce ya gaji da ganin fuskoki iri ɗaya a layi, ƙarti majiya ƙarfi da 'yan kabu-kabu da suka jingine babur a gefe. Shi tsofaffin nan yake so a nemo masa, waɗanda ke cikin lungu, ba su da kowa, ba sa fitowa layi.

Arzika ya sunkuyar da kai kamar mai nazari, ko da yake babu nazarin da ya yi.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "na san wata."

A kan hanyarsa ta komawa zuciyarsa ta ɗan yi masa magana. Ya san Inno ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ya kuma san abin da kalmar sadaka za ta yi mata. Amma kafin motar ta shiga Boɗinga ya gama shawo kan kansa. Shinkafa dai shinkafa ce, ko wa ya kawo ta. Inno ba ta da waya, balle ta gani. Ban da haka, rabonsa da Horo Birni tun Babbar Sallar bara, saboda haka tafiyar za ta zama zumunci ma, lada biyu a kan man mota ɗaya.

A cikin goman ƙarshe, wata rana bayan la'asar, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Inno da buhun shinkafa da turmin atamfa da roba ɗaya ta dafaffen abinci. Sauran 'yan ƙungiya suka tsaya a zaure, Arzika da Bilyaminu suka yi sallama suka shiga. Inno tana zaune a gindin dogon yaro tana cura daddawa. Da ta ga ɗanta da baƙo ta miƙe da sauri, ta shiga ɗaki ta yafo sabon mayafin da Ummukulthum ta saya mata, ta shimfiɗa tabarma, ta tambayi lafiyar Jamila matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi, alhali kowa na ganin jikinsa ya cika falmaran.

Arzika yana amsawa yana duba gidan, kuma abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Tsakar gida a share take tas. A ɗakin Inno ga gadon ƙarfe da shimfiɗa, ga jeren kwanoni suna walƙiya. Babu wanda zai zubar da hawaye a kan irin wannan gida. Sai idonsa ya faɗa kan tsohon ɗakin Malam Sha'aibu, wanda bangonsa ya zube a daminar bara, da rumbun da ke gefensa babu jinka. Ya roƙi Inno ta dawo can, wai haske ya fi kyau. Ya roƙe ta ta cire sabon mayafin, wai launinsa yana kashe hoto. Ya sa Bilyaminu ya kora awaki bayan ɗaki. Inno tana yi tana dariya, tana cewa yau har akuya ta yi laifi. A zatonta hoton tarihi ne ɗanta yake so ya ajiye, kamar wanda aka yi musu ranar aurensa.

Ya durƙusa ya miƙa mata robar da hannu biyu. Ta buɗe, ta yaba, ta sa albarka, sa'an nan ta juya za ta ɗauko kwano ta juye, don ta saka masa daddawa a cikin tasa.

"Inno, bari," in ji shi. "Wagga ba a maida ta. In kin ƙare ci, yar da ita za ki yi."

Ta tsaya da robar a hannu, ta juya ta, ta duba tambarin.

"Kwanon da ba a maidawa?" ta ce. "Ai wanga na masu bara ne, Arzika."

Ya yi dariya, ya ce zamani ne ya zo da haka, a birni har manyan ma'aikata da irinta suke ci. Ba ta gamsu ba, amma ba ta so ta kunyata shi a gaban baƙo. Ta ƙulle daddawa a leda ta cusa masa a aljihu, Bilyaminu kuwa ya sauke waya har aka gama wannan, domin ya fahimci aikinsa.

Daga nan Arzika ya matsa gaba kaɗan, ya bar Inno a bayansa zaune a jikin zubabben bango, roba a cinya, buhu a gefe. Kunnenta ɗaya ya daɗe da yin nauyi, ta ɗauka gaisuwa yake aika wa abokansa. Ya fuskanci wayar Bilyaminu, ya gyara falmaran, ya ajiye Hausar da aka goya shi da ita, ya ɗauko ta gidan rediyo.

"Jama'a, ga wata baiwar Allah da muka gano a wani lungu na ƙasar Shagari. Ba ta da kowa. Maƙwabta suna ci suna sha, babu mai leƙo ta. Sai yau da Allah ya kawo mu."

Muryarsa ta karye daidai inda ya kamata. Bilyaminu ya ce ba sai an sake ba. Suka tafi kafin a sha ruwa, duk da Inno ta riga ta ɗora musu kunu.

Arzika ya ɗora bidiyon a shafinsa na sada zumunta. Alhaji Ladan ya kalla, ya share ido, ya ba Arzika jagorancin Boɗinga da Shagari tun kafin a ga wata. Abin da Arzika bai yi tunaninsa ba shi ne 'yan Horo Birni da ke neman abinci a Legas da Fatakwal, waɗanda kowannensu ke da waya, kowannensu kuma ya san wannan bango da wannan rumbu. Babban ɗan Malam Bawa ya bugo daga Legas yana tambayar mahaifinsa ko gaskiya ne sun bar Inno da yunwa, domin abokan zamansa suna yi masa gori. A filin Idi wani mutumin ƙauyen gaba ya gaisa da Malam Bawa, ya ƙara da cewa Allah ya saka wa 'yan Boɗinga da suka tuna da tsohuwar unguwarsu. Malam Bawa ya dawo gida bai taɓa tuwon Sallah ba.

Inno ce ta ƙarshen sani. Ta lura matan da suka zo yi mata barka da Sallah suna kauce wa idonta, ta matsa wa Maimuna har ta kawo waya. Ta kalla har ƙarshe, sa'an nan ta ce a sake, ta kanga wayar a kunnenta mai ji. Da ya ƙare ta miƙa wa Maimuna, ta tambaye ta ko kajinta sun warke daga ciwon da suka yi.

Da yamma Maimuna ta aiko da kwano kamar kullum, har ta ƙara nama. Kwanon ya koma a rufe yadda ya zo, da saƙon cewa Inno ta gode, ta ƙoshi. Washegari na wani gida ya koma haka. Ba fushi Inno take yi da maƙwabta ba. Abin da ya faru shi ne an kira abin da sunansa a gaban duniya, tuwon da ta yi shekaru tana ci a matsayin musaya ya zama sadaka a bakinta, ta kasa haɗiyewa. Su ma maƙwabtan hannunsu ya yi nauyi. Mai son aikawa yana tsoron a ce sai da aka tona musu asiri suka tuna. Wanda aka mayar wa kwano ya ji ciwo, ya ce shinkafar Boɗinga ta sa Inno ta raina tuwon gero. Akwai kuma waɗanda suka ce ai yanzu ƙungiya ta ɗauki nauyinta, suka sami sauƙin da ba su nema ba. Maimuna ta daina faɗan daddawa ta kan katanga, domin ita kanta ta ji faɗan ba ya hawa bakinta.

Ƙungiyar Matasa Masu Jinƙai kuwa, kamar kowace shekara, ta naɗe tutarta bayan Sallah, ta mayar da tukwanen aro, ta yi wa mabukata alkawarin haɗuwa a azumi mai zuwa. Jinƙan nata na wata ɗaya ne. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga watannin da ko mai rumbu sai ya leƙa da kyau kafin ya ɗebo. Shinkafar ta ƙare. Inno ta fara aika awakinta kasuwar Shagari ɗaya bayan ɗaya.

Wata ranar kasuwar Boɗinga Ummukulthum ta iso shagon Arzika, ta same shi yana ɗinka wa sababbin 'yan ƙungiya na Shagari falmaran. Ba ta zauna ba. Da yake nono ɗaya suka sha, ba ta taɓa iya yi masa kara ba.

"Sannu da aiki, Shugaba. Na zo in ga mutumin da ya gano uwata."

Ya ce ta rage murya, akwai mutane. Ta ce ai shi bai rage tasa ba. Ta faɗa masa batun kwanoni da awaki, ta kuma faɗa masa cewa ba shinkafa ta zo nema ba, domin ita da mijinta Mansur suna aikawa da abin da ya samu, sai dai abin da ya samu ba ya riƙe gida biyu. Abu ɗaya take so. Ya je Horo Birni ranar Juma'a, ya zauna a zauren Malam Bawa a gaban dattawan unguwa, ya ce ƙarya ya yi. Sa'an nan ya faɗa a cikin wayar da ya yi ƙaryar cewa tsohuwar nan ita ta goya shi, kuma maƙwabtanta ba su taɓa barin ta ta kwana da yunwa ba. In aka wanke maƙwabta a gaban mutanen da aka ɓata su, wataƙila Inno ta iya buɗe kwano, ta ci gaba da zama a ɗakinta.

Arzika ya ga abin da ke cikin wannan tun kafin ta rufe baki. Alhaji Ladan zai ji cewa tsohuwar da ba ta da kowa tana da ɗa, ɗan kuwa shi ne ya durƙusa ya miƙa mata roba. Malamin asibitin nan na Shagari kuma yana nan, bai bar gari ba. Duk da haka ya ce zai je, domin Ummukulthum tana tsaye a bakin shago, masu wucewa sun fara rage tafiya.

Ya je. Ya bar falmaran a gida, ya sa farar riga, bayan an sauko daga masallaci ya durƙusa a zauren Malam Bawa ya gaida dattawa da ladabin da Inno ta koya masa. Sa'an nan ya yi jawabi. Ya yi magana a kan rashin fahimta, da masu hassada da ke juya kalamai, da yadda masu hannu da shuni ba sa motsawa sai an ɗan ƙara wa labari gishiri. Ya ce in an duba da kyau, unguwar ma ta samu suna, domin yanzu har a Legas an san da ita. Dattawa suka saurare shi har ya gaji don kansa.

Malam Bawa ya tambaye shi abu guda: zai faɗa a waya cewa Inno uwarsa ce, kuma ba a bar ta ba? Arzika ya ce wannan magana ce babba, ta shafi sunan ƙungiya, sai ya tuntuɓi kwamiti.

Malam Bawa ya dube shi ya ce:

"Mu dai maƙwabta muke, Arzika. In ka share mu, ba jini munka haɗa da ita ba. Amma da kac ce ba ta da kowa, kai ina ka aje kanka?"

Arzika ya ce ai a wannan ranar a matsayin shugaba ya zo, ba a matsayin ɗa ba. Wani dattijo ya miƙe ya ɗauki takalmansa, sauran suka bi shi.

Daga nan ya shiga wurin Inno. Ya same ta ta rame, gidan kuma ya yi shiru. Ya yi mata tayin ta koma Boɗinga wurin Jamila, ko kuwa ya sa a fara da ita a rabon azumi mai zuwa. Ta kawo masa ruwa a moɗa, ta tambayi lafiyar yara kamar yadda ta saba, ta jira ya sha.

"Ka ce ka gano ni," in ji ta. "To, ka gan ni. Sauka lahiya."

Kwamitin bai taɓa zama a kan maganar ba, domin shugaba ne ke kiran zama.

Kafin a yanke gero Inno ta sayar da akuyar ƙarshe, ta ɗaure kayanta, Mansur ya zo da mota ya kai ta Shagari. Duk wanda ya san tsofaffin matan ƙasar nan ya san abin da zama a gidan suruki yake nufi a wurinsu. Mansur mutumin kirki ne, ya gyara mata ɗaki, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma tun daga ranar ba ya iya sakewa a tsakar gidansa, ita kuma ba ta fitowa in yana ciki, ba ta cin abinci sai ta saki labule. Ranar tafiyar Maimuna ta raka motar har bakin hanya tana kuka, tana kuma zagin Inno a kan taurin kai, Inno tana ce mata ta koma gida, rana ta yi zafi.

A yau Arzika Tela shi ne shugaban Ƙungiyar Matasa Masu Jinƙai ta Boɗinga da Shagari, kuma ana maganar ƙara masa wata ƙaramar hukuma. Bidiyon yana nan a shafinsa, yakan sake ɗora shi a farkon kowane azumi, lokacin da ake neman masu aikin sa kai da masu ba da gudummawa. Wurin rabon abincinsu na Shagari ba shi da nisa da gidan Mansur, amma bai taɓa shiga ba. Jamila yake aikawa da gaisuwar Sallah. Gidan Horo Birni a rufe yake, Malam Bawa yana ajiye albasa a ɗakin da bai zube ba, da izinin mai shi. Inno Shatu tana nan da ranta a gidan surukinta, kuma ba ta sake kwana a Horo Birni ba.